Gubar Dalma a Zamfara: Yaran da Suka Kamu Ba Tare da Nuna Alama Ba

A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitocin na-gari-na-kowa, wato MSF, suna zagaya ƙauyukan Zamfara suna bibiyar cutar sanƙarau, kamar yadda ake yi idan zafi ya shigo. A yankin Bukkuyum da Anka sai suka tarar da abin da bai yi kama da sanƙarau ba. Ƙananan yara ne ke mutuwa, galibinsu 'yan ƙasa da shekara biyar, manya kuwa suna ta harkokinsu. Yaro zai fara da amai da ciwon ciki, ya daina wasa, jikinsa ya saki, sai jijjiga ta taso, daga nan ya suma. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, an ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, babu abin da ya sauya. Da aka ɗebi jinin yara takwas aka aika wani ɗakin gwaje-gwaje a Jamus, sai aka samu dalma daga maikirogiram 168 zuwa 370 a kowane kashi ɗaya bisa goma na litar jini. A wancan lokacin, yaron da ya kai 10 an fara damuwa da shi, wanda ya kai 45 kuwa sai magani.

Ana yawan ba da labarin nan a matsayin na haƙar zinare da talauci da jan ƙafar hukuma, kuma duk haka ne. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne batun lokaci. Yaushe ƙwaƙwalwar yaran nan ta fara taɓuwa, yaushe aka gane, kuma me ya salwanta a tsakani?

Yadda dalma ta shiga tsakar gida

Haƙar zinare ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Abin da ya sauya shi ne farashi. Wajen 2009 zinare ya yi tsada ƙwarai a kasuwar duniya, manoma da yawa suka koma rami bayan girbi, wasu ma suka bar gonar. Sai aka faɗa kan wata jijiyar dutse mai ɗauke da dalma mai yawa tare da zinaren. Ba a bar dutsen a daji ba. An riƙa kawo shi gari a buhuna, a farfasa shi da guduma, a niƙa shi a busasshe a irin injin da ake niƙa hatsi, a wanke garin, a kama zinaren da zaiba. Wani ɓangare na aikin a cikin gida ake yinsa, domin matan da ke kulle su ma su samu abin hannu.

A duba yadda tsakar gida take a irin wannan rana. Uwa tana daka dutse a turmi, goyo na bayanta, ƙura na tashi daidai hancinsa. An shanya garin dutse a gefe, kusa da inda ake shanya gero. Mai rarrafe yana bin ƙasa, hannunsa ya yi furu-furu, ya kai shi baki, ya sake dafa ƙasa, ya sake kaiwa. Babu wanda zai ga laifin wannan, haka kowane yaro ke tashi. Dalma ba ta da wari, ba ta da wani ɗaci da zai sa yaro ya tofar. Hanjin ƙaramin yaro kuma yana tsotse dalmar da ya haɗiye ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba, yaron da jininsa ya yi ƙaranci ko abinci bai ishe shi ba ya fi kowa tsotsa. Shi ya sa uban da ke wuni a bakin injin yake dawowa gida da ƙafarsa, ɗansa ɗan wata goma sha takwas kuwa aka kai shi makwanci.

Daga baya mutanen ƙauyukan sun tuna cewa agwagi sun fara ɓacewa tun farkon shekarar, kafin mutuwar yara ta tsananta. Ba wanda ya haɗa wannan da wancan, kuma ban ga dalilin da zai sa a haɗa ba. Idan yaro ya yi jijjiga a ƙauye, kowa da abin da zai ce: wannan ya ce zazzaɓi ne ya hau masa kai, waccan ta ce haƙori ne, tsohuwa ta ce gamo ya yi. Su kansu likitocin da zazzaɓi da sanƙarau suka fara, domin su ne ke kashe yara a wannan ƙasa shekara da shekaru. Bambancin kawai shi ne, da maganin ya ƙi ci, sai suka nemi a gwada jini.

A ƙarshen Mayu da farkon Yuni na 2010, wata tawaga da ta haɗa jami'an lafiya na tarayya da na jiha da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shiga gida-gida a ƙauyukan Dareta da 'Yargalma. Gidaje 119 suka zagaya. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin wata goma sha biyu da suka gabata, wato ɗaya cikin huɗu, kuma mafi yawansu sun yi jijjiga kafin rasuwa. An gwada jinin yara 204 daga cikin masu rai, babu ko ɗaya da ya tsira daga gubar, kashi 97 cikin ɗari sun kai 45 ko sun wuce. Ƙaramar na'urar gwajin da ake tafiya da ita ba ta iya karanta abin da ya haura 65, yara da yawa sai dai ta nuna cewa abin ya fi ƙarfinta. Kashi biyu cikin uku na gidajen ana sarrafa dutse a cikinsu. A wasu wurare, dalmar da ke cikin ƙasa ta wuce kashi ɗaya cikin goma na nauyin ƙasar kanta. An ƙiyasta cewa yara fiye da 400 ne suka rasu a wannan annoba.

Yara 972

Akwai wani lissafi da ya kamata duk mai aikin lafiyar yara ya riƙe shi da ka. Likitocin MSF sun duba yara 972 waɗanda dalmar jininsu ta kai 45 ko fiye, suna neman alamun taɓuwar ƙwaƙwalwa kafin a fara magani, aka wallafa sakamakon a 2014. Yara 34 ne aka samu da alamu masu tsanani, 47 iyayensu suka ce sun yi jijjiga kwanan nan, shida suna da wasu matsalolin na daban. Sauran 885, wato kashi 91 cikin ɗari, ba a ga komai a jikinsu ba.

Tara cikin goma ke nan. Yara ne da ke shan nono, suna tatata, suna dariya idan an yi musu wasa. Da uwar ɗaya daga cikinsu ta kai shi asibiti a ranar, likita ya duba idonsa ya saurari ƙirjinsa, da cewa zai yi: Hajiya, ɗanki lafiyarsa lau, ku koma gida. Alhali a cikin jininsa akwai gubar da ta wuce mizanin da ake fara magani, a wasu ma ta ninka shi.

Dalilin shi ne yadda dalma ke aiki. Jiki yana ɗaukar ta tamkar sinadarin kalsiyam, sai ya buɗe mata hanyar da yake buɗe masa, har cikin ƙwaƙwalwa. A shekarun farko na rayuwa ne jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke ƙulluwa da juna da saurin da ba za su sake yi ba, shingen da ke tsare ƙwaƙwalwa daga dattin jini kuma bai gama ƙwari ba. Idan dalma ta yi yawa ainun, ƙwaƙwalwa takan kumbura, shi ne jijjiga da suma da mutuwa. Wanda ya tashi daga wannan yana iya tashi da makanta, ko kurumta, ko sandarewar gaɓoɓi. Idan ba ta kai haka ba, sai ta yi aikin gara a cikin azara: daga waje itace lafiya, sai ranar da aka ɗora masa nauyi. Nauyin a nan shi ne ranar da aka kai yaro makarantar allo ko ta boko, aka ga hadda ba ta zama, hankalinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, fushi ya yi masa yawa. A lokacin shekara huɗu ko biyar sun wuce, ba wanda zai tuna da ƙurar tsakar gida. Sai a ce daƙiƙi ne, ko ba ya jin magana, a haɗa masa da bulala. Wannan zaluncin na biyu shi ya fi ci mini rai, domin yaro ne ake hukuntawa a kan raunin da aka yi masa tun bai san kansa ba.

Kada a ɗauka sai lamba ta yi girma irin ta Zamfara. Wani nazari da aka wallafa a 2005, wanda ya tattara bayanan yara 1,333 daga ƙasashe daban-daban, ya nuna cewa raguwar basira ta fi sauri a ƙasa da 10 fiye da a samansa. Hukumar CDC ta sauke lambar da take sa a fara bincike zuwa 5 a 2012, sannan zuwa 3.5 a 2021. Matsayin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne babu wani adadin dalma a jinin yaro da aka san ba ya cutarwa.

Magani da iyakarsa

An fara ba da magani a watan Yuni na 2010, a asibitocin Bukkuyum da Anka. Sunan maganin DMSA, ana haɗiyarsa, ya kama dalmar da ke jini ya fitar da ita ta fitsari. Zagaye ɗaya yakan ɗauki kwana 19 ko 28, yara da yawa kuma sai da aka maimaita musu sau da dama, domin dalmar da ta ɓuya a ƙashi takan sake tsiyayowa cikin jini bayan an tsaya. Mutuwa ta ragu ƙwarai da gaske, wannan ba a jayayya a kansa.

Amma akwai abin da maganin ba ya yi. A Amurka an yi gwaji a kan yara 780 masu dalma tsakanin 20 da 44, aka ba wasu wannan magani, wasu ba a ba su ba, aka wallafa sakamakon a 2001. Dalmar jinin waɗanda suka sha ta sauka, amma bayan shekara uku da aka auna basirarsu da ɗabi'unsu, ba su fi 'yan uwansu da komai ba. Maganin yana ceton rai idan guba ta yi yawa, ba ya mayar da abin da ƙwaƙwalwa ta riga ta rasa. Saboda haka duk watan da yaro ya ƙara a cikin ƙurar kafin a gano shi, asara ce da ba a biyan ta daga baya.

Shi ya sa aikin ya koma kan ƙasa. Ba amfani a wanke jinin yaro a mayar da shi tsakar gidan da ya kwaso gubar. Wani kamfanin injiniyoyin muhalli daga Amurka mai suna TerraGraphics, tare da cibiyar Blacksmith mai yaƙi da gurɓatar muhalli da ma'aikatar muhalli ta jiha da samarin ƙauyukan, suka riƙa kankare saman ƙasa da fartanya da shebur, ɗaki-ɗaki, a kwashe a binne a ramukan da aka tanada, a zuba sabuwar ƙasa. Masarautun yankin suka sa baki aka fitar da niƙan dutse daga cikin gari. A ƙauyuka takwas an kwashe gurɓatacciyar ƙasa fiye da kubik mita 27,000. A cikin shekaru huɗu na aikin, matsakaicin dalmar jinin yaran da ake gwadawa ya sauko daga 149 zuwa 15.

Bagega ce ta sha jira. Ita ce mafi girma a cikin garuruwan, kuma kuɗin share ta ya fi ƙarfin ƙungiyoyin agaji. Kimanin yara 1,500 ne ke zaune a can, likitoci sun san halin da suke ciki amma ba su iya fara magani ba sai an share gari. Gwamnatin tarayya ta yi alƙawarin naira miliyan 850 a 2012, kuɗin ba su fito ba sai farkon 2013, bayan ƙungiyar Human Rights Watch da matasan Follow The Money sun yi ta matsa lamba a kafafen sadarwa. A 2013 aka share Bagega. Yaron da aka haifa a can lokacin da aka fara gano annobar, ya yi rarrafensa, ya yi tatatarsa, an yaye shi, duk a kan ƙasar nan, bayan an riga an san abin da ke cikinta. A nan ganowa ba ta makara ba, aiki da abin da aka gano ne ya makara, kuma a wajen ƙwaƙwalwar yaro sakamakon ɗaya ne.

Abin da ido zai iya kamawa

Gwajin jini ne kaɗai ke tabbatar da gubar dalma, amma ba a ce ido ba shi da aiki ba. Aikinsa shi ne lura da girman yaro mataki-mataki, kuma wannan ya shafi kowace irin tawaya, ko daga dalma take, ko daga doguwar naƙuda, ko daga shawarar da ta hau wa jariri kai a makon farko, ko daga sanƙarau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi ɗaruruwan yara masu lafiya a ƙasashe biyar, har da Ghana, ta wallafa a 2006 cewa kusan dukkansu sun iya zama da kansu kafin su wuce wata tara da 'yan kwanaki, sun kuma yi tafiya kafin wata goma sha takwas. Tazarar tana da faɗi, wani yana tafiya tun wata tara, wani sai sha biyar, duk lafiya. To amma faɗin yana da iyaka. Haka a ɓangaren magana: yaron da ya shekara ba ya gwaranci, ba ya nuni da yatsa, ba ya waigowa idan an kira sunansa, ko ya kai wata goma sha shida babu kalma ko ɗaya, ko ya cika shekara biyu bai haɗa kalmomi biyu ba, a kai shi a duba, a fara da kunnensa. Wanda ya fi duka gaggawa shi ne yaron da ya iya abu sannan ya daina: yana tafiya ya koma rarrafe, yana cewa mama ya yi shiru.

Maganganun da ke jinkirta mu sanannu ne, kuma da kyakkyawar niyya ake faɗar su. "Nauyin baki ne, babansa ma haka ya yi." "Nauyin ƙafa ne, ki bar shi, kowane yaro da lokacinsa." Kaka ce ke faɗa don ta kwantar wa surukarta hankali, sau da yawa kuma gaskiyarta ce. Sai dai uwar da ke goyon yaro dare da rana takan riga kowa jin cewa wani abu ba daidai yake ba, kuma idan ta faɗa ya kamata a saurare ta. Ranar allurar rigakafi dama ce da ba ta cin ko kwabo. Ma'aikaciyar lafiya na iya tambaya yayin da take cika kati: Maman yaro, ya fara zama? Yana juyowa idan kin kira shi? Me maigida ke yi, yana zuwa rami? Ana kawo dutse gida, ko kayan aikinsa a ɗaki yake tuɓe su? Tambayoyin biyu na ƙarshe su ne suka dace da ƙasar da ake haƙar zinare, amsarsu kuma ta isa a tura yaro gwaji ko da yana tsalle.

An ga irin wannan a Boston ta Amurka a 2011. An kai wani jariri ɗan wata shida, ɗan asalin Najeriya, awon da aka saba yi, lafiyarsa ƙalau. Likita ya ga kwalli a idonsa, ya sa aka gwada jini, aka samu 13. Da aka auna kwallin, kashi 82.6 cikin ɗari dalma ce. Aka daina sa masa, lambar ta sauka. Kwallin dutse da muke ranbaɗa wa jarirai tun kafin suna yana iya zama irin wannan, domin yaro yana murza ido ya kai hannu baki. Ba kowane kwalli ba ne, amma ba a bambance su da ido.

Bayan Zamfara

A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, a Shikira da ƙauyukan da ke kusa, inda yara 28 suka rasu. Sana'a ɗaya, ƙura ɗaya, shekara biyar bayan kowa ya ji labarin Dareta, kuma a nan ma mutuwar yara ce ta fara ankarar da mutane. Daga baya an gwada niƙa dutse da feshin ruwa maimakon a busasshe, tare da ƙungiyar OK International mai kula da lafiyar ma'aikata a wurin aiki, aka ga dalmar da ke tashi a iska ta ragu da kusan kashi 95 cikin ɗari. Hana haƙa da baki bai taɓa aiki ba, domin ba a raba mutum da abincinsa da sanarwa, amma sauya yadda ake aikin yana yiwuwa.

Daga Mayu na 2010 zuwa ƙarshen 2021, MSF ta gwada yara 8,480 'yan ƙasa da shekara biyar a Zamfara, 3,549 daga cikinsu suka sha maganin fitar da dalma. A farkon 2022 ta miƙa aikin ga hukumomin jiha, a daidai lokacin da matsalar 'yan bindiga ta sa shiga ƙauyuka da yawa na Anka ya zama da wuya.

Yaran 2010 yanzu samari ne da 'yan mata, matan cikinsu sun kai shekarun aure da haihuwa. Dalma ba ta daɗewa a jini, a cikin wata guda rabinta kan bar shi, amma wadda ta shige ƙashi tana zama shekaru masu yawa. Idan mace ta ɗauki ciki, jikinta yana jan kalsiyam daga ƙashinta don gina na ɗan tayi, dalmar kuma ta biyo shi, ta ratsa mabiyiya ta isa ga jaririn da bai taɓa taka ƙasar Bagega ba. A ƙa'idojin da ta fitar a 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai cikin da dalmar jininta ta kai 5, idan abincinta ba ya ba ta isasshen kalsiyam, a ƙara mata shi. Don haka a asibitocin Anka da Bukkuyum da Gusau, duk yarinyar da ta zo awon ciki ya kamata a tambaye ta a wane gari ta tashi, idan ta ambaci ɗaya daga cikin ƙauyukan nan takwas a gwada jininta, a kuma rubuta a katin jaririn tun kafin a haife shi cewa za a bi zamansa da tafiyarsa da maganarsa har ya shiga makaranta.